Akwatin da Ya Ƙi Cika

Zuwa ga Gwaggona Malama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, ke da 'yan makarantarki masu hana ki shan ruwa. Ya jikin Baba, ya shago? Ki gaishe min da Yaya da matarsa. Ni lafiyata ƙalau, sai tururin ɗakin guga na otal ɗin nan da ya kusa dafa ni.

Kin ce in riƙa rubuto takarda domin waya tana cinye magana. Gaskiyarki. Ranar Lahadi na kira Baba, duk hirarmu ba ta wuce "lafiya lau, lafiya lau" ba, sai ya miƙa wa Yaya wayar. To ga takarda, ki karanta masa kamar yadda kika saba.

Labari ne da ni. Kin san a nan ba ni da kowa. Idan an tashi daga sujadar Misa a coci nakan zauna a bencin baya har mai shara ya fara kaɗa tsintsiya kusa da ƙafata, don babu abin da ke jirana a ɗaki sai gado da akwati. Ashe wata tsohuwar nas tana lura da ni. Mama Nas kowa ke ce mata. Gajeriya ce, tabarau a ƙarshen hanci, muryarta kuwa ko a bakin titi kake ka ji ta. Ta ce, "Ke 'yar nan, gadin benci aka ɗauke ki? Tashi ki kama min kujerun nan." Haka na tsinci kaina a ƙaramin ɗakin bayan coci, a taron ƙungiyar masu addu'a da ziyara, irin taku ta gida.

Tebur ne da farin mayafi, siffar Uwa Maryamu a tsakiya, kyandir dama da hagu, da furen da wani ya tsinko a hanya. Aka durƙusa aka fara rosari, addu'ar nan tamu ta carbi. Gwaggo, da suka amsa baki ɗaya sai da na ciji leɓe. Ji na yi kamar a falonmu nake, Baba yana ja, ke kina hararar Yaya don ya daina gyangyaɗi.

Sun ce zan yi watannin gwaji kafin in ɗauki alkawari. Dokokin ba su da yawa: a zo taro kowane mako, a fita ziyara bibbiyu, a rufa wa wanda aka ziyarta asiri. Amma akwai ɗaya da ta tsaya min a wuya. Wai ba a kai wa mutum komai. Ko lemo ɗaya! Ta yaya zan ƙwanƙwasa ƙofar marar lafiya hannu rabbana? Ke da kika daɗe a wannan aiki, ki fahimtar da ni.

Zancen hutu kuma, ina jin bana ma aiki zan yi a cikinsa. Akwatin katakon da Baba ya ƙera min da zan taho, shi nake cikawa da tsarabarku, har yanzu kuwa rabi yake. Shekara da shekaru ba a gan ni ba, ba zan shigo gida hannu yana lilo ba. Ga tocila nan na haɗo wa Baba, tun da kin ce yana ƙorafin duhun shago.

Taki,
Auta

*

Auta, Sarauniyar Tambaya,

Takardarki ta same ni a ɗakin malamai ina fama da jan biro. Na karanta, na sake karantawa, har malamin lissafi ya tambaye ni ko ƙarin girma aka yi min. Na ce masa abin ya fi haka. Muna lafiya. Babanki yana nan da ƙarfinsa, sai ɗan idon nan na tsufa. Matar yayanki ta sauka lafiya, an sami mace. Hancinki ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri.

'Yata, kin faranta min rai. Tun kina aji biyu kina ɗaga hannu kafin in gama tambaya na san akwai ranar da za ki shiga wannan aiki. Ki gaishe min da Mama Nas, ki ce wata 'yar'uwarta a nesa ta gode mata.

Bari in ba ki abin da nake ba matasan da nake horarwa a nan. Kada ki shiga gidan mutum da wa'azi a baki. Inda aka nuna miki ki zauna, ko kan buhu ne. Idan tsoho ya maimaita labarin da ya ba ki makon jiya, ki buɗe ido kamar yau kika fara ji. Kada ki dubi agogo, marar lafiya yana ganin wannan ko ya juya baya. In magana ta ƙare kuma ki bar ta ta ƙare. Shiru ba ya cizo.

Dokar hannu kuwa, kowa a nan yake tuntuɓe. Nakan ce wa yarana: idan ka shiga da leda, idon mai gida a kan leda zai tsaya, naka ma haka. Ya yi godiya, ka ce ba komai, shi ke nan an gama ziyara tun ba a fara ba. Leda garkuwa ce, Auta, mai ita a bayanta yake ɓuya. Idan kun tarar da yunwa ko rashin magani, akwai masu wannan hidimar a coci, ku kai musu labari su zo da buhunsu. Ku aikinku zama ne. Za ki ji kunya da farko, hannuwanki su yi miki yawa. Ki daure, kunyar nan ita ce ƙofar.

Na karanta wa Babanki takardar a shago yana goge ƙafar kujera. Da na zo wurin rosari a falo sai hannunsa ya tsaya. Kin dai san shi. Tocila kuwa ya kunna, ya kashe, ya sake kunnawa, ya ce a gode miki, ya ɗora ta a kan kantar shago kusa da hula da rediyon da kika aiko bara.

Akwati kuma Allah ya cika shi! Na riga na gaya wa matan layinmu cewa Auta na nan tafe da kaya niƙi-niƙi, kowacce ta ce a tuna da ita. Ga jaririya ma ta ƙaru.

Rubuto min yadda ziyarar farko ta kasance, kada ki rage komai.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina yi wa Yaya barka. Hancina kuma a bar min shi, ya kai ni inda ya kai ni. Ya idon Baba? A ce masa ya rage aiki da yamma.

Kin ce kada in rage komai, to ki shirya dariya. Ranar ziyarar farko na sayi lemo na ɓoye a ƙasan jaka. Mun iso gindin bene, Mama Nas ta tsaya ta ɗaga hanci. Ta ce, "Ina jin ƙanshin laifi." Na ce, "Mama, ai kaɗan ne." Ta ce, "Kaɗan ɗin ma yana da nauyi. Ajiye a ƙarƙashin bene, in mun sauko ki shanye abinki." Da muka sauko ko ɓawo ban tarar ba. Ta ce to ga shi an yi sadaka ba a karya doka ba.

Ba zan faɗi sunan mutumin ko unguwarsa ba. Tsohon direban bas ne, ƙafafu sun daina ɗaukarsa, ga shi a hawa na ƙarshe. Ɗakinsa tsaf, amma wurin taka ƙafa da ƙyar, saboda kwalaye. Fanka a kwali, bargo a leda, rediyo har ba ɗaya ba. Ya ga ina kallo ya ce, "Ki gaisa da 'ya'yana. Wannan dogon shi ne babba, wancan na kusurwa mai bi masa." Ashe 'ya'yan suna nesa, aike kawai suke yi. Na ji haushinsu ƙwarai.

Muka yi addu'a, muka zauna. Abin da kika faɗa ya faru, hannuwana suka yi min yawa. Na ɗora su a cinya, na sauke, na harɗe. Ya ce, "Ke sabuwa, hannun nan naki ba su da aikin yi ne? Ga abin yankan farce can a taga." Tun daga ranar, duk zuwa ni ke yanke masa farce in taje masa kai, shi kuma yana ba ni labarin hanyoyin da ya bi da fasinjojin da suka yi masa amai a mota. Labarin wata mata da ta shigo da agwagwa a cikin zani na ji shi ya fi a ƙirga, kuma kullum ina buɗe ido kamar yadda kika ce.

Da farko Yallaɓai nake ce masa. Ya ce, "Yallaɓai yana ofis. Ki ce Baba." Gwaggo, da na faɗa sai na ji wani abu ya sauka daga ƙirjina. Ban san bakina yana kewar kalmar nan haka ba. Yanzu duk mako ɗokin ranar nake yi, in hau benen nan ina haki, in ƙwanƙwasa in ce, "Baba, mun zo." Tun da na zo garin nan, sai yanzu na ji kamar ina da inda ake jirana.

Na sayi kayan jaririya na saka. Tun da matan layi ma sun sa rai, dole in ƙara da nasu, kada in kunyata ki. Na riga na gaya wa shugabar ɗakin guga cewa ba zan ɗauki hutu ba. In Allah ya kai mu baɗi.

Auta

*

Auta,

Muna lafiya, ina fata ke ma haka. Jaririya tana ta girma.

Na ji daɗin labarin ziyara. Kina yin aikin yadda ya kamata.

Babanki ya ji takardarki. Ya ce in gaya miki kada ki wahalar da kanki da zancen zuwa. Ya ce ki riƙe abin da kika samu a can da kyau.

Jarrabawa ta tsare ni, shi ya sa ban tsawaita ba. Ubangiji ya kiyaye ki.

Gwaggonki

*

Auta,

Lafiya kuwa? An gama jarrabawa, an yi hutu, an dawo, har na fara sanin sunayen sababbin ɗalibai, ban ga takardarki ba. Na kira ba ki ɗauka ba, sai ɗan saƙon "aiki ya yi yawa". Ni fa malama ce, na san rubutun yaron da ke ɓoye wani abu ko da kalma huɗu ce.

Duk ranar da na biya ta shago, kafin in gama sallama Babanki zai ce, "Akwai?" In ce babu. Sai ya ce, "Dama tambaya na yi," ya ci gaba da aikinsa.

Ko kin ɗauki alkawarin ne ba ki gaya min ba? Ko ba ki da lafiya? Ko wani abu na faɗa? In fushi ne ki rubuto fushin, zan karanta, ba zan sa jan biro ba.

Gwaggonki da ba ta iya shiru ba

*

Gwaggo,

Ki yafe min. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ba ne. Ina gaishe da kowa.

Saƙon nan na Baba da kika rubuto na karanta shi har takardar ta yi laushi. Kada in wahalar da kaina da zuwa. Na ce shi ke nan, Baba ya gaji. Ya gaji da 'yar da ta tafi neman abin kanta tun yaushe, har yau zanin gadon wasu take gogewa. In riƙe abin da na samu? Me na samu? Sai na ce bari in nuna masa. Na karɓi aikin wasu na ɗora a kan nawa, har da Lahadi bayan Misar farko. Na daina zuwa taro. Na daina hawa benen. Daga ɗakin guga sai kasuwa, daga kasuwa sai akwati. Abin mamaki, ina zubawa yana ƙara zurfi, don duk wanda na saya wa sai in tuna wani.

Ranar Lahadin da ta wuce da la'asar aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Na buɗe, sai ga Mama Nas da wani ɗan ƙungiyarmu mai aski. Su biyu, hannuwansu a sake. Nan take na gane. Gwaggo, ni aka turo su ziyarta a wannan makon.

Kunya ta rufe ni. Na hau kai da kawo zan dafa shayi, ga ba sukari. Mama Nas ta ce, "Zauna, ba shayi ya hau da mu nan ba." Kujera ɗaya ce da ni, Mai Aski ya ɗauka, ita kuma ta zauna daram a kan akwatin. Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa ta ce, "Wa kika kashe kika ɓoye a nan?" Na buɗe musu. Yadi, agogo, turare, gyale, kofuna. Mai Aski ya ɗago wasu ƙananan takalma da na saya wa ɗan maƙwabcinmu a shekarar da na zo, ya ce, "Mai waɗannan ai yanzu ya kusa fara zuwa wurina gyaran gemu." Na yi dariya, dariyar ta juye kuka.

Ina jira ta yi min faɗa, ba ta yi ba. Ta rufe akwatin ta koma ta zauna a kai. Muka yi rosari, muka yi shiru mai tsawo. Gaskiyarki, ba ya cizo. Sai da suka kai ƙofa ta juyo ta ce, "Direba yana tambaya. Ya ce ina mai yankan farce, ko ita ma kwali za ta aiko?"

Tun da suka tafi nake kallon akwatin nan, ina tuna hula da rediyo da tocila a jere a kantar shago. Ni da na ji haushin 'ya'yan wani.

Yanzu abu ɗaya nake roƙo. Ki gaya min maganar Baba yadda ta fito daga bakinsa. Ni mai guga ce, Gwaggo, ina gane abin da aka bi ta kansa da dutsen guga.

Auta

*

'Yata,

Kin kama ni. Muna lafiya, amma yau ba zan tsaya dogon gaisuwa ba.

Ranar da takardarki ta ziyara ta iso, ɗoki bai bar ni na fara karantawa ni kaɗai ba. Na wuce shago kai tsaye, na buɗe a gabansa. Ya yi dariyar lemo har da tari. Da na kai wurin "Baba, mun zo", sai ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ya ce, "Farce take yanke masa?" Na ce haka ta rubuta. Ya ɗaga nasa hannuwan ya kai su dab da fuskarsa, ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "To ai ta sami uba a kusa. Ki ce mata kada ta wahala, ta riƙe shi da kyau."

Ba gajiya ya yi da ke ba. Kishi ne, Auta, kishin tsohon da bai taɓa iya cewa ina kewarki ba. Na ga maganar da kaifi, na ce bari in rage mata, ashe wajen ragewa na mayar da ita wata magana dabam.

Saura ɗaya, wadda ya hana ni faɗa. Zai yi fushi da ni, ya yi, ba yau muka fara ba. Shagon ba shi da duhu. Idon ne. Mun je wurin likita, ya ce ba yanar ido ba ce da za a wanke. Ganin yana tsukewa ne daga gefe. Yanzu abin da ya rage masa kamar mai leƙe ta ramin makulli. Kujerun da yake yi, da hannu yake yin su, shi ya sa mutane ba su gane ba. Da safe, a bakin ƙofar shago, idan mutum ya tsaya kusa, yana ganin fuska sarai. Na tambayi likita har yaushe. Ya ce bai sani ba, amma duk abin da ake so ya gani, kada a yi sanya.

Hotonki na gama makaranta yana aljihun rigarsa. Kwanaki na iske shi a bakin ƙofa yana yawo da shi a gaban idonsa, yana bin fuskar gefe-gefe. Ya ji motsina ya mayar da sauri, ya ce wai takardar awo yake nema. Can kuma ya ce, "Wushiryar nan tata, tana nan kuwa?" Na ce ina zan sani, Yaya, ni ma rabona da ita rabonka.

Ni da nake koya wa yara cewa leda garkuwa ce, ni ce na yi ta ƙara miki kaya a akwati da bakina. Matan layi ki bar ni da su, ni na ɗauko, ni zan sauke. Babanki ba zai ga launin yadi ba, ba zai ga lambar agogo ba. Abu ɗaya ya rage da zai iya gani daga gare ki, kuma ba a saka shi a akwati.

Ki zo.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Na karɓi hutu. Shugabarmu ta yi ta mita, na bar ta da mitarta. Zan shigo motar da ke isowa da sassafe ranar Asabar.

Ranar ɗaukar alkawarina ta faɗa cikin tafiyar. Na gaya wa Mama Nas, ta ce alkawari ba tumatir ba ne, ba zai ruɓe ba. Na hau bene na yi wa Direba sallama, na gaya masa komai. Ya ce, "Me kike jira? Je ki. In kin dawo ki gaya min ko sun gyara hanyar."

Akwatin yana nan ƙarƙashin gado. Na zare agogon Baba kawai na sa a jaka, Mama Nas ta zo taya ni shiri ta ɗaga hanci, kin san sauran.

Amma kin san doka, ba a zuwa ziyara mutum ɗaya. Ki tare ni a tasha, ki zama ta biyuna. Tsoro nake ji, Gwaggo. Ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Auta

*

Auta, 'yar'uwata a ƙungiya,

Dole yanzu in kira ki haka. Barka da ɗaukar alkawari! Na so a ce ina bencin baya ina share hawaye, amma a ranar na sa yarana sun yi rosari dominki, ko mai gyangyaɗi ɗaya ba a samu ba. Muna lafiya. Jaririya ta fara rarrafe, ta nufi garin katako tana ci. Gidan dai ya yi mana faɗi tun da kika koma, har yanzu nakan ɗebo kofi uku da safe in mayar da ɗaya.

Akwai abin da ba ki gani ba ranar da kika iso, don kanki yana ƙasa. Ni ina bayanki. Da kika ce "Baba, mun zo", bai dubi hannunki ba, ko sau ɗaya. Da ya ja ki bakin ƙofa yana juya ki wajen haske kamar yadda yake juya katako, leɓensa motsi yake yi. Na matsa na ji. Ba addu'a yake yi ba, lissafa ki yake yi: goshi, gira, hanci, wushirya. Kamar mai shirya kaya a inda zai iya lalubo su a duhu.

Ba zan sake goge miki magana ba, don haka ga gaskiya: ramin makullin ya ƙara tsukewa. Jiya sai da na yi magana ya san ni ce. Amma bai karaya ba. Matar mai shagon kusa ta zo tana zolaya wai ina tsarabar da aka yi ta shela. Kafin in buɗe baki ya ce, "An kawo. Tawa ce ni kaɗai, na kuma adana."

Farcensa ya yi tsawo, ya hana kowa taɓawa, wai mai aikin tana nan dawowa. Na ce kafin nan ai ka zama shaho. Da ƙyar ya yarda yayanki ya rage masa, yana yi yana kushewa. Ya kuma ba ni saƙo zuwa ga Direba, ya ce in rubuta shi yadda ya faɗa: "A gaishe shi. A ce masa aro na ba shi, ba kyauta ba."

Kwanan nan ya ajiye aikin kujeru, yana ta fama da wasu 'yan guntayen katako. Yana aunawa da tafin hannu, yana shafawa, yana gogewa, ba ya barin kowa ya taya shi. Shekaranjiya na ga ya sa masa murfi da maɗauki. Akwati ne, Auta, ɗan ƙarami, bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Na ce, "Yaya, wannan ai ko riga uku ba zai ci ba."

Ya shafa murfin ya ce, "Wancan ni na yi kuskure, na yi mata shi da girma. Wannan kafin ta juya ya cika."

Yana nan a kan kanta, ya ture tocila da rediyo gefe ya ba shi wuri. Ya ce ba za a aika ba. Mai shi ta zo ta ɗauka.

Gwaggonki